Mun Hau Dutsen Afadjato: Gani Ya Kori Ji

Da yawa daga cikinmu an haife mu a zango, mun girma a zango, amma in ka tambaye mu ƙasar nan tamu ta Gana, abin da muka sani bai wuce tasha da kasuwa da gidan biki ba. Wannan ne ya sa a wata ranar Asabar muka haɗu, matasa da dattawa biyu, muka ɗauki motar haya daga Hohoe bayan sallar asuba, muka nufi ƙauyen Liati Wote da ke gindin dutsen Afadjato a jihar Bolta, dab da iyakar Togo.

A harshen Ewe kalmar "to" dutse take nufi, wato ainihin sunan dutsen Afadja ne. Mun taso muna haddacewa a makaranta cewa shi ne dutse mafi tsawo a Gana, mita 885. Awon da aka yi daga baya ya nuna bai kai haka ba, har ma maƙwabcinsa Aduadu ya fi shi. Amma wanda ya hau shi da ƙafarsa ba zai raina shi ba.

A ƙauyen mun biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da ɗan jagora, wani saurayi ɗan garin. Da farko hanya shimfiɗe take, ta ratsa gonakin koko da kofi da ayaba da rogo, muna tafe muna raha. Ba mu ankara ba sai gonaki suka ƙare, kurmi ya rufe mu. Itatuwa dogaye sun haɗa kai a sama, rana ba ta samun ƙasa sai ɗigo-ɗigo, ga malam-buɗe-littafi launi-launi suna ta shawagi a gabanmu. Daga nan hanya ta miƙe tsaye. A wasu wuraren sai ka kama saiwar itace ko gefen dutse da hannu kafin ka ɗaga ƙafa. Raha ta ƙare, ba ka jin komai sai haki da kukan tsuntsaye.

Samarin da suka fara da gudu su ne suka fara zubewa. Ɗaya daga cikin dattawanmu kuwa, da sandarsa da butarsa, bai canja taku ba. Da ya iske su zaune ya ce, "Yara, sannu ba ta hana zuwa." Suka ce, "Baba Alhaji, a yi mana afuwa, mun tuba." Mai ƙarfi yakan kai ƙoli cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Mu dai mun ƙara da rabi.

A can sama itatuwa sun ja baya, iska mai sanyi ta buge mu. Ta gabas duwatsun Togo ne jere, kore shar. A ƙasa ga rufin kwanon ƙauyuka kamar an watsa tsaba. Ta yamma kuwa, can nesa, ruwan tafkin Bolta yana ƙyalli. Dattijonmu ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya tuna mana cewa madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ita ta tara wannan ruwa, kuma a can arewa ruwan ya cinye tsohon garin Kete Krachi, inda fataken goro suka yi zango, inda kuma shahararren malami Alhaji Umaru ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Ashe tarihin kakanninmu ma yana kwance cikin abin da muke hange.

Amma ba duk abin da muka gani ne ya faranta mana rai ba. Daga sama ido yana rarrabe inda kurmi ya tsira da inda gatari da wuta suka ci. Manyanmu ba su manta 1983 ba, shekarar fari da gobarar daji da ta ƙone gonakin koko da abinci, yunwa ta shiga kowane gida. Kurmin nan shi ke riƙe ruwan sama, ya sake shi sannu a hankali zuwa ƙoramu. In aka sare shi, ruwa ya kwashe ƙasar dutsen, ƙorama ta ƙafe da rani. To, buhunan gawayin da ake saukewa a zangunanmu kullum, daga ina suke fitowa? Mu ne masu saye, wasunmu ne masu sayarwa. Saboda haka ba mu da bakin cewa wannan maganar 'yan ƙasa ce, mu baƙi ne. Inda ka haifi 'ya'ya ka binne iyaye, nan ne gida.

Da muka sauko, gwiwoyi na rawa, sai ɗan jagora ya bi da mu wata hanya cikin kurmi zuwa Tagbo, inda ruwa ke zubowa daga saman dutse cikin wani tafki mai sanyi. A nan muka yi alwala, muka sallaci azahar, muka buɗe ƙunshin wake da shinkafa.

Ga mai niyyar zuwa, ga shawararmu. A tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi. A sa takalmi mai kama ƙasa, ban da silifa. A riƙe ruwan sha isasshe, kuma a dawo da kowace leda, domin mutanen Liati Wote suna ji da tsabtar garinsu. Da damina hanya tana da santsi, lokacin hunturu kuma hazo yakan rufe hangen nesa. A gaida mutanen gari da ladabi, a bi maganar ɗan jagora.

Muna kira ga malaman makarantunmu da shugabannin matasa da su riƙa kai yara irin waɗannan wurare ko da sau ɗaya a shekara. Yaron da ya ga kurmi da idonsa zai yi tunani kafin ya cinna wa daji wuta. Allah ya sa mu dace, amin.