Ɗumi Da Iska A Ɗakin Uwargida

Uwargida, ga hunturu ya kama. Daga Birnin Kudu har Gwaram, da an yi sallar lisha sai kowacce ta ja ƙofa, ta toshe taga da tsumma, ta jawo kaskon gawayi kusa da gado don kada yara su yi mura. Na san ƙauna ce ta sa, amma ki saurara.

Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yakan fid da wata iska mai dafi, wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, da jiri, da amai, da kasala da asuba. Wani ma in ya kwanta ke nan, sai dai a tashe shi a ga babu rai. Sau da yawa akan ce iskoki ne suka taɓa yaro, alhali kuwa kasko ne. Mai jego da ake hura wa wuta ƙarƙashin gadon ƙasa, ita da jaririnta sun fi kowa shiga hatsari, don su ne ba su fita.

Turawa ma sun yi fama da wannan matsala, watau yadda za a sami sabuwar iska ba tare da ɗumi ya gudu ba. Sai suka ƙera na'ura mai bututu biyu. Ɗaya yana fid da tsohuwar iskar ɗaki mai ɗumi, ɗaya yana shigo da ta waje mai sanyi. Suna wucewa kusa da juna, siririn faranti ne tsakaninsu, ba su gauraya, amma mai fita tana bar wa mai shiga zafinta. A garin Darmstadt na Jamus an gina gidaje masu dogara da wannan dabara a 1991. Mai kyau daga cikinsu takan mayar da fiye da kashi 75 cikin 100 na ɗumin. Sai dai tana son lantarki dare da rana, tana kuma da rariya da ake sakewa bayan 'yan watanni. Ki dubi ƙurar Janairu a nan, ki gaya mini kwana nawa rariyar za ta yi!

Mu namu maganin yana jikin bango. Ginin ƙasa mai kauri da rufin azara yakan sha zafin rana, ya sake shi a hankali da dare. In kin taɓa dafa duwatsun Birnin Kudu bayan magariba kin san abin da nake nufi. Ɗakin bulo da kwano kuwa, da rana ta faɗi ya huce, shi ya sa ya fi jawo kasko.

To, ki ɗumama ɗaki ƙofa tana buɗe, sa'an nan ki fitar da kaskon tsakar gida kafin a kwanta, ko da garwashi ne kawai ya saura. 'Yar tagar nan ta sama kuwa kada ki toshe ta, ki rataya mata mayafi marar kauri saboda ƙura, ki ƙara wa yara bargo. In kuka farka duka da ciwon kai, ku fito waje nan da nan, a tafi asibiti, a gaya musu an kwana da gawayi.