Ƙirar Maƙeri da Ƙirar Masana'anta: Zaɓen Bindiga don Harbin Nesa

Garin Filinge yana cikin kwarin Dallol Bosso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, shi ne kuma babban garin ƙasar Kurfai. Mafarautan wannan yanki, kamar 'yan'uwansu na Arewa da Adar da Gobir, sun san bindiga iri biyu. Akwai adaka, wadda maƙeri ke ƙerawa, ana ɗura mata albarushi ta baki. Akwai kuma ƙirar Turawa, wadda ta fito daga masana'anta, tana cin harsashi ta baya. A wurinmu an riga an yanke hukunci: ta maƙeri ta kusa ce, ta masana'anta ta nesa ce. Amma a ƙasashen da harbin nesa ya zama wasan gasa, lamarin a juye yake, domin gwanaye da yawa ba sa shiga fili sai da bindigar da wani maƙeri ya haɗa musu da hannunsa. Wannan babi zai bayyana dalilin wannan saɓani, da yadda mai koyo ya kamata ya yi zaɓi.

Yadda bindiga ta iso mana

Ta hanya biyu bindiga ta shigo ƙasar Hausa: ta Sahara daga Tarabulus, da kuma ta bakin teku, inda fataken goro ke haɗuwa da kayan Turawa. A ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimun ya tara bindigogi masu yawa, ya kuma sa aka riƙa ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin birninsa. A Kurfai kuwa, inda aka daɗe ana gwabzawa da Buzayen makwabta, doki da mashi da takobi da baka su ne ginshiƙin yaƙi.

A 1890 ƙasashen Turai suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a birnin Burusel, wadda ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, ta bar musu tsofaffin masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Shekara uku kafin nan, a 1887, sojan Faransa sun riga sun karɓi bindigar Lebel. Ratar da ke tsakanin makaman Turawa da na mutanen ƙasa ta fito fili a Lugu ta ƙasar Arewa a watan Afrilu na 1899, ranar da mayaƙan Sarauniya Mangu, akasarinsu da baka da kibiya, suka tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine. Ba a daɗe ba Faransawa suka kafa sansani a Filinge. Tun daga wannan lokaci bindiga mai cin nesa ta zama ta hukuma, talaka kuwa ya koma wurin maƙeri, wanda ya fara da gyaran tsofaffin bindigogi, har ya kai ga ƙera nasa.

Abin da ke kai harsashi inda aka nufa

Cikin bututun adaka sumul yake. Dalmar da aka ɗura tana fita ba tare da juyawa a kan tsari ba, sai ta karkata duk inda iska ta ga dama. Shi ya sa maharbi mai adaka ke sanɗa har ya matso kusa da nama, domin bayan 'yan gomiyoyin mitoci sa'a ce ke aiki. Bindigar nesa kuwa an yanka wa cikin bututunta zane mai murɗiya, wanda ke kama harsashi ya juya shi da tsananin sauri. Yaron da ya taɓa murza katantanwa ya san sirrin: muddin tana juyawa, tsaye take a kan tsininta, da juyin ya mutu sai ta faɗi. Haka harsashi ke riƙe kansa a gaba har ya isa.

Abu na biyu shi ne daidaito tsakanin harbi da harbi. Mai adaka da ido yake auna albarushi, ɗurin yau ba ya zama ɗaya da na gobe. Harsashin masana'anta kuwa a kan awo guda ake haɗa shi, nauyi ɗaya, gudu kusan ɗaya. Masu gasa suna auna ingancin bindiga da yadda harsasai biyar ko goma ke taruwa a kan allo. Ma'auninsu shi ne mintin kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri. A nisan mita 100 ya kai santimita 2.9, a mita 1,000 kuwa santimita 29 ne.

Na uku shi ne duniyar da harsashi ke ratsawa. Harsashin .308 Winchester, wanda aka fito da shi a 1952, yana ɗaukar fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya kai mita 1,000, kuma a kan hanya yana sauka ƙasa fiye da mita 10. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana ture shi fiye da mita 2. Duk wanda ya san iskar hunturu a cikin Dallol, ko kawalwalniyar bazara da ke sa abu mai nisa ya riƙa rawa a ido, ya san cewa ba ƙaramin aiki ba ne karanta waɗannan abubuwa.

Gasar da ta nuna gaskiyar magana

An buɗe babbar gasar harbi ta Ingila a Wimbiledon a 1860, inda Sarauniya Biktoriya ta yi harbin farko daga yadi 400 da bindigar Whitworth. A 1890 gasar ta koma Bisley, can take har yau. Sai dai karawar da ta fi dacewa da batunmu ita ce ta filin Creedmoor, kusa da birnin Niyok, a 1874. 'Yan Ailan sun zo da bindigogin John Rigby na Dublin, aikin hannu, masu ɗuri ta baki kamar adaka. Amurkawa suka fito da na kamfanonin Remington da Sharps masu cin harsashi ta baya. Aka yi harbi daga yadi 800 da 900 da 1,000. Amurka ta ci da maki 934, Ailan na da 931.

Maki uku kacal suka raba su. Wannan ya nuna cewa ɗuri ta baki ba shi ne aibin adaka ba, aikin hannu ma ba aibi ba ne. Abin da Rigby ke da shi, maƙerinmu ba shi da shi, shi ne ƙarfe mai inganci, da injin da ke huda bututu a miƙe, da ma'aunin da ke gane kuskuren da ido ba ya gani. Basira tana nan a maƙerar Filinge, kayan awo ne babu.

Bindigar masana'anta

Masana'anta tana fitar da dubban bindigogi a kan zubi ɗaya. Remington 700, wadda ta fito a 1962, da Tikka ta ƙasar Finlan, da Ruger Precision Rifle ta 2015, suna cikin waɗanda masu koyo ke farawa da su. Amfaninsu a fili yake: kuɗinsu da sauƙi, ana saye a tafi da su nan take, kayan gyaransu na samuwa, kuma wasu kamfanoni suna ba da tabbacin cewa bindigarsu za ta tara harsasai cikin mintin kusurwa ɗaya idan an sa mata harsashi mai kyau.

Rauninsu daga wannan yawan yake fitowa. An yi ƙotar ne don mutum matsakaici, dogo da gajere kowa sai ya lanƙwasa jikinsa ya bi ta. Kuma tun da inji yana barin ɗan sarari a awonsa, bindigogi biyu masu suna ɗaya na iya fitowa, guda ta yi fice, guda ta tsaya a tsaka-tsaki.

Bindigar oda

Ita wannan, mai ita ne ke zaɓen kowane sashe: bututu daga wani gwani, kunama daga wani, ƙota daidai tsawon hannunsa da tsayin wuyansa. Sai maƙerin bindiga ya haɗa su a kan inji, ya yanka mazaunin harsashi daidai da irin harsashin da za a riƙa amfani da shi. Idan aiki ya yi kyau, takan tara harsasai cikin rabin mintin kusurwa, wani lokaci har ƙasa da haka.

Farashinta kan ninka na masana'anta sau da yawa, kuma jiran watanni ba abin mamaki ba ne. Bututun ma ba ya dawwama, zafin albarushi yana cinye zanen cikinsa bayan 'yan dubban harbi, mai tsada da mai araha duk haka suke. In an tashi sayarwa kuma, abin da aka yi daidai jikin wani da wuya ya dawo da kuɗinsa.

Yadda ake zaɓe

Lissafi ne ke raba gardama. Tsakanin bindiga mai minti ɗaya da mai rabin minti, bambancin a mita 1,000 bai wuce santimita 15 ba. Amma idan maharbi ya yi kuskuren kilomita 3 kawai a awa wajen kimanta iska, harsashinsa zai kauce kusan rabin mita. Ke nan kuskuren mai koyo ya ninka fifikon bindiga mai tsada sau uku. Wanda ya zuba dukan kuɗinsa a bindigar oda, ya rasa na harsashin atisaye da na tabarau mai jawo nesa, ya sayi abin da hannunsa bai kai ya amfana da shi ba. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Saboda haka mai farawa ya ɗauki ta masana'anta, ya saka mata tabarau nagari, ya riƙa rubuta kowane harbi da iskar da aka yi shi a cikinta. Ranar da littafinsa ya nuna cewa karatun iskarsa ya daidaita, amma maki ɗaya ko biyu na kuɓuce masa saboda tarwatsewar harsasai, ranar ce ya cancanci zuwa wurin maƙeri. A lokacin ma ya san abin da zai ce a yi masa, domin bindigar farko ta riga ta koya masa tsawon ƙotar da ya dace da shi da nauyin kunamar da yatsansa ke so.

Doka da amana

A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma. Dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998 ita ce ke tsara wanda zai yi farauta da abin da aka hana harbi, kuma tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara haramtattun makamai. An sa sassan jihar Tilaberi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017, mutanen Filinge da Abala kuma sun ga abin da bindiga ke jawowa idan ta faɗa hannun da bai dace ba. Namun daji ma sun ɗanɗana: raƙuman dawa na Dallol Bosso sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996, sai da aka tsaya kan kare su sannan suka sake yawa.

Harsashin da ya kuskure allo yana iya tafiya fiye da kilomita 3 kafin ya faɗi, a ƙasar da kowane lungu akwai makiyayi ko manomi ko mace mai neman itace. Don haka harbin nesa wasa ne na filin da hukuma ta amince da shi, mai tudun ƙasa a bayan allo da malami mai sa ido. Izini ne farko, sai fili, sai malami. Zaɓe tsakanin ƙirar maƙeri da ƙirar masana'anta yana zuwa ne bayan waɗannan uku sun cika.