Ka ba da wata guda, an ce ka tafi yau

A Maitumbi, kamar sauran unguwannin Minna, da yawa daga cikin masu albashi da ba na gwamnati ba suna aiki ne a makarantun kuɗi, gidajen mai, gidajen burodi da shagunan POS. Idan ɗayansu ya samu wurin da ya fi, yakan rubuta takardar ajiye aiki ya ba maigida wa'adin wata guda. Sau da yawa amsar ita ce: "Ba sai ka jira ba, ajiye makulli ka tafi." Albashin sauran kwanakin kuwa shiru.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta tsara mafi ƙarancin wa'adi: kwana 1 ga wanda aikinsa bai wuce wata 3 ba, mako 1 daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 2 zuwa ƙasa da shekara 5, sai wata guda daga shekara 5 zuwa sama. Wa'adin yana kan ɓangarorin biyu, kuma wanda ya kai mako dole ne a rubuce yake. Maigidan da ya gajarta wa'adin da ka bayar shi ya yanke aikin kafin lokaci, don haka a ganina kuɗin ragowar kwanakin suna wuyansa, kamar yadda shi ma zai nemi kuɗi a hannunka da kai ne ka fice ba sanarwa. Sai dai lissafin yana kan tsabar albashi ne, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci.

Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne kunya. Sashen ya yarda wani ɓangare ya yafe haƙƙinsa na wa'adi. To idan aka ce ka tafi yau, ka rusuna ka ce "Na gode, ranka ya daɗe," ka tattara kayanka, gobe maigida zai iya cewa da yardarka aka rabu. Ladabi bai hana ka riƙe kwafin takardarka mai kwanan wata ba, ko ka nemi a rubuta maka ranar da aka sallame ka, ko da saƙon WhatsApp ne.

Malaman makaranta da akantoci su lura: dokar ta ware masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa, su takardar ɗaukar aiki ce madogararsu. Wanda ya fara aiki ba takarda, a hannun tausayin maigida yake.

Kuɗin fansho da ke asusunka naka ne ko ta yaya aka rabu. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 idan ya yi wata 4 ba aiki. In sulhu ya gagara a ofishin ƙwadago, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar tun gyaran tsarin mulki na 2010.