Ɗamarar mota tana tsare rai

Ƴan uwa, babbar hanyar kwalta da ta taso daga Maraɗi zuwa Damagaram ta ratsa Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa. Mutanen Mayahi ma suna hawanta in za su birni. Motoci sun yi yawa, haɗari ma ya yi yawa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 1 ke mutuwa kan hanya kowace shekara. Galibinsu a ƙasashe masu tasowa ne irin tamu.

A jikin kujerar mota akwai wata ɗamara, wasu na ce mata bel. Wani ma'aikacin kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ya ƙirƙiro irin wadda muke gani yau. A 1959 aka fara sa ta cikin mota.

Mene ne amfaninta? Ku tuna da amalanke. In jaki ya tsaya kwatsam, buhun da ba a ɗaure ba sai ya zame gaba. Haka mutum yake cikin mota. In mota ta yi karo, ita ta tsaya, amma jikinka bai tsaya ba. Sai kai ya bugi gilashi, ko mutum ya faɗa waje. Ɗamara ita ce igiyar da ke riƙe shi.

Wani direba zai ce: "Ai cikin gari nake, ba ni gudu." To, karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga kan itace mai tsawon mita 10. Hukumar ta ce ɗamara tana rage haɗarin mutuwa har da rabi.

Ga yadda ake ɗaura ta: a kan kafaɗa da ƙirji, sannan a kan ƙashin ƙugu. Kada ta hau wuya, kada ta hau ciki. Kada a riƙe yaro a cinya a kujerar gaba, hannu ba ya iya riƙe shi. Wanda ya hau saman kaya kuwa, ba shi da abin tsaro ko kaɗan.

In ka shiga mota, ɗaura. In direba ya manta, tuna masa cikin ladabi: "Malam, iyalinka suna jiranka." Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa.