Me Ya Sa Shafi Ke Jinkirin Buɗewa Alhali Kana Da Data? Yadda HTTP/2 Da HTTP/3 Suka Rage Zaman Jira

Idan shafin intanet ya ƙi buɗewa da wuri, da yawanmu kamfanin layi muke ɗora wa laifi. Wani lokaci da gaskiyarmu. Sai dai a lokuta da dama sabis ya cika, data na nan, amma shafin yana tafiyar hawainiya. Abin da ke cinye lokacin shi ne jira: wayarka ta aika tambaya, ta tsaya sai amsa ta dawo, sannan ta aika wata. Injiniyoyin intanet sun shafe sama da shekara goma suna yaƙi da wannan jiran, kuma makamai biyu suka fi dogara da su: tura saƙonni da yawa a lokaci guda ta haɗi ɗaya, da matse bayanan da ake maimaitawa. Kowanne ya magance matsala, kowanne kuma ya haifi tasa.

Shafi ɗaya, fayiloli barkatai

Abin da kake gani a matsayin shafi ɗaya tarin fayiloli ne: rubutun shafin, fayil ɗin da ke tsara launi da fasali, ƙananan manhajojin JavaScript, hotuna, tambari, da sauransu. Burauzarka, ko Chrome ce ko Firefox ko Opera, sai ta roƙi kowane fayil daga uwar garke, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. Ƙa'idar da suke magana da ita ana kiranta HTTP.

Kowace tambaya sai ta je ta dawo. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, kuma babu kuɗin da zai ƙara masa sauri. Idan kana Kano uwar garken kuma tana Turai, yawanci saƙon zai gangara Legas, ya bi wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ya isa can, sannan amsa ta biyo sawu. Ga kuma jinkirin da ke tsakanin wayarka da turken sabis.

Mu ƙaddara zuwa da dawowa yana cin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, shafin kuma yana da fayil 60. Idan ɗaya bayan ɗaya za a ɗauko su, daƙiƙa 12 sun tafi a jira kawai, ko da kowane fayil bai taka kara ya karya ba. Haka HTTP/1.1, wadda aka fitar a 1997, take aiki a aikace: haɗi ɗaya, tambaya ɗaya, sai an amsa a yi ta gaba. Kamar layin banki ne mai ma'aikaci ɗaya. Idan na gaba ya zo da lissafi mai tsawo, kai da ka zo cire dubu biyu sai ka ƙafe.

Masu burauza sun yi dabara: suna buɗe haɗi har shida zuwa uwar garke ɗaya. A lissafinmu na sama, jiran ya sauko zuwa daƙiƙa 2. Amma kowane sabon haɗi yana da gaisuwarsa ta farko da musayar makullan tsaro, kuma yana fara gudu ne a hankali kafin ya ɗau zafi.

Haɗi ɗaya, magudanai masu yawa

A 2009 kamfanin Google ya fito da wata ƙa'ida ta gwaji mai suna SPDY. A kanta ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta gina HTTP/2, wadda ta fito a watan Mayun 2015 a kundi mai lamba RFC 7540.

Dabarar ita ce a daddatsa kowane saƙo zuwa ƙananan ƙunshi, a liƙa wa kowane ƙunshi lambar da ke nuna na wane ne. Kowace tambaya da amsarta suna da lambarsu, kuma jerin ƙunshin da ke ɗauke da lamba ɗaya shi za mu kira magudana. Ka ɗauka tirela ɗaya ce ta ɗauko kayan 'yan kasuwa ashirin, an rubuta sunan mai kaya a jikin kowane buhu. Ba sai an loda na Alhaji wane duka kafin a sa na wani ba. A cakuɗa su, idan an isa kowa ya tsinci nasa.

Kowane ƙunshi yana farawa da bayit 9 na bayani: bayit 3 na faɗin tsawonsa, bayit 1 na faɗin irinsa, bayit 1 na alamomi, kamar alamar cewa wannan ne na ƙarshe, sai bayit 4 da ke ɗauke da lambar magudana. Idan ba a yi wata yarjejeniya ba, ƙunshi ba ya wuce bayit 16,384. Wannan iyakar tana da muhimmanci, domin ita ke hana babban hoto ya tare hanya: bayan kowane guntu nasa, ana iya saƙa guntun wani fayil.

Don kada ɓangarorin biyu su yi karo wajen zaɓen lamba, an raba musu: magudanar da burauza ta buɗe tana ɗaukar 1, 3, 5, 7, ta uwar garke kuma 2, 4, 6, 8. Lamba 0 an ware ta don maganar da ta shafi haɗin gaba ɗaya.

Akwai kuma batun kada a cika wa mai karɓa ciki. Kowace magudana tana farawa da izinin bayit 65,535. Idan mai aikawa ya cinye wannan, dole ya dakata har mai karɓa ya aiko da ƙunshin WINDOW_UPDATE ya ƙara masa. Wannan yana taimakon waya mai ƙaramar ma'adana. Sannan idan ka bar shafi kafin wani hoto ya gama sauka, burauza za ta iya aika ƙunshin RST_STREAM ta soke wannan magudanar kaɗai, haɗin ya ci gaba da aiki. A HTTP/1.1 babu yadda za a tsayar da fayil a tsakiya sai an yanke haɗin ɗungurungum.

Matse kan saƙo, da yadda ya zama ƙofar ɓarawo

Matse jikin shafi tsohon abu ne. Tun shekarun 1990 ake amfani da gzip, daga baya Google ya kawo Brotli. Abin da aka bari ba a matse ba a HTTP/1.1 shi ne kan saƙo: bayanan da ke rakiyar kowace tambaya, irin su sunan shafi, nau'in burauza, harshen da kake so, da kuki, wato 'yar shaidar da ke gaya wa shafi cewa kai ne ka shiga da kalmar sirrinka. Kusan abu ɗaya ne ake maimaitawa a kowace tambaya. Fayil 60, maimaici 60, kuma duk daga datarka ake cira, ta ɓangaren aikawa wanda ya fi rauni a layin waya.

SPDY ta matse kan saƙo da irin dabarar gzip, wadda ke neman duk jerin haruffan da ya taɓa fitowa ta maye gurbinsa da gajeren nuni. A 2012 masu bincike biyu, Juliano Rizzo da Thai Duong, suka nuna a wani taron tsaro a Ajantina cewa wannan rami ne. Sun sa wa harin suna CRIME.

Ga yadda yake. Kulle saƙo yana ɓoye abin da ke ciki, amma ba ya ɓoye tsawonsa. A ce ɓarawo yana kan Wi-Fi ɗaya da kai, ya kuma ja ka zuwa wani shafi da zai sa burauzarka ta riƙa aika tambayoyi zuwa inda ka shiga, kowace tambaya ɗauke da rubutun da shi ya zaɓa. Burauza za ta haɗa da kukinka na gaskiya. Sai ya sa cankensa a ciki: harafin farko a ne? b ne? c ne? Duk lokacin da canken ya dace da abin da ke cikin kukin, matsewar za ta ga maimaici, saƙon ya ɗan ragu. Harafi bayan harafi, sai ya haɗa kukin duka, ya shiga asusunka ba tare da ya karya makulli ko ɗaya ba.

Saboda haka aka ƙera wa HTTP/2 tata hanyar matsewa, HPACK. Tana da jadawali na dindindin mai layi 61 wanda kowace burauza da kowace uwar garke suka haddace. Layi na 2, misali, yana nufin tambaya ce irin ta GET, don haka bayit ɗaya tak ya isa a faɗe ta. Sai jadawali na biyu da ake cikawa yayin hira, mai girman bayit 4,096 tun farko: karon farko da aka aika kuki za a rubuta shi cikakke, daga nan sai lambar layinsa kawai. Abin da ya rage ana taƙaita shi da tsarin Huffman, wanda David Huffman ya wallafa a 1952, inda haruffan da suka fi yawan fitowa ke samun gajeriyar lamba.

Abin da ya toshe ramin CRIME shi ne HPACK ba ta gane rabin dacewa. Sai bayani ya dace gaba ɗayansa sannan a yi nuni da shi, don haka canken harafi ɗaya-ɗaya ba ya rage komai. Akwai ma alamar da ke cewa kada a taɓa sa wani bayani mai haɗari a jadawali.

Layin da ya ɓuya a ƙasa

HTTP/2 ta kawar da layin da ke sama, amma akwai wani a ƙarƙashinta. Tana tafiya ne a kan TCP, ƙa'idar da ta yi alkawarin miƙa bayanai a jere ba tsallake. TCP ba ta san da wata magudana ba. Idan fakiti ɗaya ya ɓace a hanya, duk waɗanda suka iso bayansa za a riƙe su har a sake aiko shi, ko da na wasu fayiloli ne daban. Buhu ɗaya ya faɗi, an hana 'yan kasuwa ashirin sauke kaya.

A waya mai kyau ta ofis wannan bai cika damuwa ba. A layin salula mai rauni, cikin mota ko a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, fakiti na yawan ɓacewa, har HTTP/2 kan iya yin ƙasa da tsohuwar HTTP/1.1, domin ita mai haɗi shida idan ɗaya ya tsaya biyar na tafiya.

Maganin shi ne QUIC, wadda Jim Roskind ya fara tsarawa a Google a 2012, IETF kuma ta fitar da ita a watan Mayun 2021 a RFC 9000. QUIC ta bar TCP ta hau UDP, wadda ba ta yi wa kowa alkawarin jeri ba, sannan ta gina magudanan a cikin kanta. Kowace magudana tana kula da jerinta. Fakitin hoto ya ɓace, hoton kaɗai zai jira. HTTP da ke tafiya a kan QUIC ita ce HTTP/3, ta Yunin 2022.

QUIC ta zo wa masu waya da ƙarin alheri biyu. Ta haɗe gaisuwar farko da musayar makullan TLS 1.3 a zuwa da dawowa ɗaya. Kuma tana gane haɗi ne da wata lambar shaida, maimakon adireshin IP, don haka idan ka fita daga Wi-Fi wayarka ta koma data, haɗin yana iya ɗorewa.

Sai dai HPACK ba za ta yi aiki a nan ba. Jadawalinta ya dogara da cewa komai zai iso a jere. Idan saƙo ya ce a duba layi na 70 alhali saƙon da ya rubuta layin bai iso ba, an shiga ruɗani. Dole aka sake ƙera wata, QPACK, mai jadawalin dindindin na layi 99. Sabunta jadawali yana bin magudana ta musamman, mai karɓa yana sanar da abin da ya iso, mai aikawa kuma yana da zaɓi: ya yi nuni da layin da bai tabbata ya isa ba, ya matse sosai amma wataƙila a jira, ko ya rubuta bayanin cikakke, ya kashe 'yan bayit amma babu jira. Duk mai tsara irin wannan ƙa'ida sai ya fuskanci wannan cinikin, domin matsewa tana buƙatar ɓangarorin biyu su tuna abu ɗaya, magudanai kuma suna son kowa ya kama gabansa.

Sauƙin da ya zama makami

Soke magudana cikin sauƙi ma an juya shi. A watan Oktoban 2023, Google da Cloudflare da Amazon suka sanar da harin da aka kira Rapid Reset. Uwar garke kan iyakance magudanan da za a buɗe a lokaci guda, sau da yawa 100. Maharan sai su buɗe magudana su soke ta nan take, su buɗe wata. Wadda aka soke ba ta cikin ƙidaya, amma uwar garke ta riga ta fara aiki a kanta. Google ya ce harin da ya same shi ya kai tambaya miliyan 398 a daƙiƙa. Gyaran da aka yi shi ne a riƙa lura da yawan sokewa, a yanke haɗin duk wanda ya wuce gona da iri.

Abin da ya shafe ka

Ba ka buƙatar kunna komai. Chrome, Firefox, Safari da Edge na yanzu duk suna jin HTTP/3, kuma manyan shafuka irin su YouTube da Facebook suna amfani da QUIC. Uwar garke ce ke sanar da burauza cewa tana iyawa, burauza ta gwada, idan bai yiwu ba ta koma HTTP/2.

Abu na farko da ke hannunka shi ne sabunta burauza da manhajojinka. Gyaran ramuka irin na CRIME ta nan yake iso maka. Na biyu, wasu Wi-Fi na makarantu da ofisoshi suna toshe UDP, don haka bidiyo kan iya fin santsi a datarka ko da Wi-Fi ɗin ya fi ƙarfi a awo. Na uku, idan ka auna saurin layinka, kada ka tsaya a adadin megabit kaɗai. Duba lambar ping, wadda ke nuna lokacin zuwa da dawowa. Wajen buɗe shafuka, layi mai megabit 5 da ƙaramin ping yakan fi mai megabit 30 da ping mai yawa daɗin aiki.

Idan kuma kana da shafinka, ko na kasuwanci ko na labarai, tambayi kamfanin da ke ajiye maka shi ko ya kunna HTTP/2 da HTTP/3 da Brotli. Yawancin masu ziyartarka da waya suke shigowa, wasunsu da sabis sanda biyu, kuma su ne za su fi jin bambancin.