Tarkacen Gida da Nauyin Yaro

A ƙasashen Turai da Amurka, in ana zancen tarkacen gida, akan haɗa shi da ƙiba. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu kuwa abin da tarkace ya fi jawowa shi ne rama, kuma yara ƙanana ta fi kamawa. Jariri mai lafiya akan haife shi da nauyin kilo 3 ko wajen haka. Kafin ya cika wata 6 nauyin nan ya ninka, in ya shekara ya kai wajen kilo 9. To, idan aka kai yaro awo asibiti wata bayan wata, sikeli bai motsa ba, lalle akwai dalili. Sau da yawa dalilin nan yana ƙarƙashin gado ko bayan ɗaki.

Ga yadda abin yake. Inda aka tara tsummoki da tsofaffin buhuna da kwanukan da ba a wanke ba, nan ƙuda da kyankyaso da ɓera suke samun abinci da maɓoya. Su ne ke ɗauko ƙazanta daga masai da juji, su kawo ta bisa tuwo da koko. Yaro mai rarrafe kuma duk abin da hannunsa ya taɓa sai ya kai baki. Daga nan sai gudawa. Yaron da ke gudawa ba ya son cin abinci, wanda ya ci kuma ba ya zama a jikinsa. Kafin ya mai da naman da ya zube, wata ta sake kama shi, sai ya yi ta ramewa alhali hatsi bai yanke a gidan ba. Uwa takan ce haƙori ne, wata ta ce maita. Haƙori ba ya hana yaro nauyi.

Sauro ma yana da rabonsa. Gwangwani da tsohuwar taya da fasasshen tulu, in suka tara ruwan damina, ƙwan sauro yakan zama sauro a cikinsu cikin kwana 7 zuwa 10, kuma irin sauron da ke kawo shawara ya fi son wannan ruwa. Mai kawo zazzaɓi a kududdufi yake haihuwa, amma da rana yakan laɓe cikin ɗaki mai duhu, bayan tufafin da aka rataye. Zazzaɓi yana shanye jinin yaro, ya bar shi fari fat, ba ƙarfi.

Sha'anin hatsi ya fi wuya. Da can gero da dawa a rumbu suke kwana. Amma tun da rashin tsaro ya taso mutanen ƙauyuka da yawa zuwa cikin gari, ɗaki ɗaya ya zama wurin kwana, ya zama rumbu. Ba wanda zai ga laifin manomin da ya jawo amfaninsa kusa da shi. Sai dai ɓera yana bin buhu duk inda ya shiga, fitsarinsa da kashinsa kuwa su ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969. Haka kuma buhun da aka sa wa ƙwayar maganin ƙwari, bai kamata mutum ya kwana ɗaki ɗaya da shi ba, domin iskar da ke fita daga ƙwayar nan tana kisa. Jarkar maganin feshi in ta ƙare, ba ta zama ta ruwan sha, ko an wanke ta sau goma.

Mutanen Zamfara sun riga sun ga abin da kayan da aka shigo da su gida ke iya yi. A 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum, masu neman zinariya sun riƙa kawo duwatsu cikin gida ana niƙawa. Ƙurarsu tana da gubar dalma, ta kashe yara fiye da 400. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Dalmar nan tana cikin tsohon batirin mota da ake ajiyewa a zaure, wai ko wata rana ya yi amfani.

Ba a ce uwargida ta rushe jerenta ba. Kwanukan jere abin ado ne, dukiya ce kuma. Abin da ake so shi ne a sauke su lokaci lokaci a wanke, a share bayansu. Buhun hatsi a ɗora shi bisa katako, a janye shi daga bango, yadda tsintsiya za ta zagaya. Itacen girki a jibge shi nesa da ɗakin kwana saboda maciji da kunama. Duk abin da zai riƙe ruwa a kife shi ko a binne. Zamanin En'e duba-gari ne ke shiga gida gida yana leƙa randa. Yanzu maigida ba sai ya jira kowa ba: ya zagaya gidansa ran Juma'a da safe, uwargida kuma ta kai yaro awo kowane wata, ta adana katin inda ɓera ba zai ci shi ba.