Littafin Lissafi A Ɗakin Haihuwa

Tambayi kowace nas a ɗakin haihuwa ko jariran asibitinsu suna shan nonon uwa, za ta ce suna sha mana. Amma in ka ce, "Cikin jarirai ɗari da aka haifa a watan jiya, nawa ne aka ɗora a ƙirjin uwa kafin awa guda ta cika?" sau da yawa sai a yi shiru. Ba ƙarya ta yi da fari ba. Abin da idonta ya gani ta faɗa, ido kuwa ba ya riƙe lissafi. Mu malaman makaranta mun san wannan. In ba don rajista ba, da mun rantse kowane yaro yana zuwa kullum.

A ƙasar Filifin akwai wani gari a kan duwatsu, sunansa Baguio. A babban asibitin garin wata likitar yara ta yi aiki, Dokta Natividad Clavano. A 1974 ta tafi Landan ƙaro ilimi, ta zauna ƙarƙashin Dokta David Morley. Shi Morley ɗin nan ba baƙo ba ne gare mu, gama ya yi aiki a asibitin mishan na Wesley Guild da ke Ilesha, da ƙauyen Imesi-Ile. A can ne ya tsara katin awon yara, irin wanda mata suke ɗauka zuwa asibiti a ga ko nauyin yaro yana hawa. Mutum ne da ya gaskata da aunawa da rubutawa, ita kuwa ta komo gida da wannan hali.

Ga yadda ake yi a asibitinta a lokacin. Da an haifi jariri sai a kai shi wani ɗaki dabam, a jera shi tare da sauran, a ba shi madarar gwangwani a bulumboti. Uwa tana can tana jira, nono yana cika yana yi mata zafi. Jarirai kuwa suna ta gudawa, waɗansu suna mutuwa, ana cewa rauninsu ne.

A 1975 Dokta Clavano ta sāke tsarin. Ta mai da jarirai gefen iyayensu mata dare da rana, ta sa a fara ba da nono da wuri, ta hana masu tallar madara shiga wurin jarirai. Amma abin da ya sa duniya ta saurare ta shi ne ta ƙirga. Ta tattara labarin jarirai kusan 10,000 da aka haifa daga 1973 zuwa 1977, na kafin canji da na bayansa, ta gwada su. Masu shan nonon uwa sun tashi daga 40 cikin 100 zuwa 87. Gudawa ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, mutuwar jarirai kuma ta ragu ƙwarai. A 1978 ta kai wannan lissafi gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka. Da baki kawai ta je, da an ce ra'ayin mace ɗaya ne.

A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka kafa shirin asibiti mai ƙaunar jarirai, bisa matakai goma. An gwada shi sosai a ƙasar Belarus a 1996 da 1997, a asibitoci 31. Inda aka bi shirin, jarirai 43 cikin 100 suna kan nono zalla a wata na uku. Inda ba a bi ba, 6 ne kaɗai.

Sai dai an lura da wani abu. Asibiti yakan yi ƙoƙari har ya sami takardar yabo, a rataye ta a bango, bayan 'yan shekaru ma'aikatan da aka koya wa su tashi, a koma gidan jiya, takarda kuwa tana nan rataye. Saboda haka da aka sabunta matakan a 2018, aka sa kowane asibiti ya riƙa bin lissafin kansa kullum. Abu biyu aka fi so a rubuta: ko jariri ya kama nono cikin awa ta fari, da ko an ba shi wani abu ban da nono kafin a sallame shi. Abin da ake nema shi ne aƙalla 80 cikin 100.

Wannan ba ya bukatar kwamfuta. Layi biyu ne za a ƙara a littafin haihuwa, a haɗa jimla a ƙarshen wata, ma'aikata su zauna su duba. Nan ne za a ga inda ruwa yake yoyo. Wataƙila da rana ana yi daidai, da dare ne nas ɗaya take fama da mata shida. Wataƙila waɗanda aka yi wa aiki aka ciro ɗan ne ake mantawa da su. A ganina, lissafin da za a aika wa manya a ofis kawai, masu aikin ba su gani ba, ɓata takarda ne. Wanda kuma za a riƙa tsawata wa nas da shi, zai koya mata ta rubuta abin da ake so a ji.

Mu ma muna da rabonmu a ciki. Binciken lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna jarirai 29 cikin 100 ne kaɗai, na ƙasa da wata shida, suke kan nono zalla. Sau da yawa nas takan yi nata, sai kaka ta iso da kwalbar ruwa a ɓoye cikin zane, ta ce dakashi ba shi da kyau, a matse a zubar. Dakashin nan mai kauri, ruwan ɗorawa, shi ne rigakafin jariri na fari, kaɗan ɗin da yake fitowa kuwa ya ishi cikinsa a kwanakin nan. In nas ta tambaya ko an ba yaro wani abu, maigida, a gaya mata gaskiya, ko da ruwa ne cokali ɗaya, domin ta rubuta daidai.